Shekarar da Na Cinye Muryar Mutari

Na san abin da ake faɗi a kaina a gidan nan in na ba da baya. Ana cewa akwai shekarar da Inna ta taɓu, ta riƙa rufe ƙofa da rana tsaka tana hira da matattu, kuma a shekarar ce ta lalata abu ɗaya tilo da Mutari ya bar mana. Rabin maganar ƙarya ne, rabi gaskiya. Ban taɓu ba. Amma kaset ɗin kam ni na ƙarar da shi, da hannuna, ina sane, kuma ba gafara na zo nema ba. So nake ku ji yadda aka yi daga bakina tun ina da bakin, don in na mutu Rabi matar yayanku ce za ta ba ku labarin, ita kuwa Rabi ko labarin cefane ta ɗauko sai ta sa masa aljani.

Mutari shi ne autana. Dukanci ya gada wajen babanku, kuma hannunsa ya fi na babanku kyau, ko da yake ban taɓa faɗi ba sai yau. Yana saurayi ya ji labarin cewa a Gana, can bakin teku, masu yawon buɗe ido suna sayen jakar fata ta Damagaram ba ciniki. Sai dai can ba a jin Faransanci, Ingilishi ake yi. Akwai wani mushe, wato malamin boko, mutumin Gana da yake koyarwa a lakwal, makarantar gwamnati, a lokacin, yana haya a unguwar Zango. Mutari ya ɗinka masa takalma, shi kuma ya riƙa zuwa nan Birni suna zama a zauren gidan nan da rediyon babanku. Mutari ya faɗi kalma da Hausa, mushe ya faɗe ta da Ingilishi, Mutari ya maimaita, rediyo yana ɗauka. Haka suka cika kaset biyu. Ya yi ta sauraronsu har ya haddace, ya jefa su cikin adakata, ya tafi. Can ya yi aure, ya auri wata 'yar bakin teku mai suna Esi, suka zauna nesa da zangon Hausawa. Suka haifi 'ya mace aka sa mata sunana, suna kiranta Mami. Yakan zo gida shi kaɗai, jefi-jefi, kullum da alkawarin baɗi zai zo da su. Babanku ya rasu ana wannan baɗi. Bayansa ba da daɗewa ba aka aiko cewa zazzaɓi ya kwantar da Mutari, bai tashi ba. Ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba, kalma kawai aka kawo mini aka ce in yi haƙuri.

Shekara ta zagayo, sai aka zo aka ce ana nemana a talho. Lokacin salula ba ta yawaita ba, telesantir ake zuwa a jira kira. Esi ce, ta samo wani Bahaushe yana yi mana tafinta. Ta ce in an yi babban hutun lakwal, farkon damina, za ta kawo Mami ta ga gidan ubanta. Ta ce hanya da nisa, ba ta san ko za ta iya sake zuwa ba, sai yadda yarinyar ta ji. Kafin a ajiye, tafintan ya ƙara da tasa.

"Hajiya, ki shirya fa. Yarinyar nan ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa."

Na dawo gida ina juya maganar tafintan. Na taɓa ganin irin wannan zuwa a maƙwabta, jikoki suka zo daga ƙasar waje suka tsaya tsakar gida kamar an dasa su, kowa ya matso sai su fashe da kuka, aka kwashe su aka tafi, ba su ƙara waiwayo Damagaram ba. Jikar da ba za ka tsokane ta ta rama ba ai baƙuwa ce. Ni kuwa duk duniya jinin Mutari ɗaya ne ya rage, kuma zuwa ɗaya aka ba ni. Idan ta zo ta tarar da tsohuwa mai baƙin haƙori tana yi mata surutun da ba ta ganewa, shi ke nan na binne Mutari karo na biyu. Tsoro na ji, tsoro na gaske, kuma tsoron ne ya tuna mini da abin da ke ƙasan adaka.

Bazara ce, irin wadda duwatsun Birni suke ɗaukar zafi har kare ba ya iya taka su. Na jira rana ta take, kowa ya shige inuwa ya yi laƙwas, na rufe ƙofa na sa wa rediyon pil, wato batir. Kunya ce ta sa na ɓoye. Uwa ba ta nuna wa duniya tana begen ɗa, balle a ji tsohuwa kamar ni ta koma aji ɗaya. Na danna. Aka ɗan yi shuu, sai ga Mutari, saurayi, yana dariya ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ruwa." Mushe ya ce, "Wota." Mutari ya ce, "Wota." Yadda kunnena ya ji nake rubuta muku, ban san yadda masu harshen suke rubutawa ba. Na yi zaton muryarsa kaɗai zan ji, ashe gidan ne duka aka kulle a ciki. A bayansu ana daka, kuma na gane dakan, nawa ne, don ni kaɗai nake sauke taɓarya sau biyu in tafa. Wani zakara da muka cinye tun tuni yana cara. Can sai ga gyaran muryar babanku, ya yi sallama a ƙofar zaure, suka amsa masa, na ji jan takalminsa ya wuce ciki. Sa'an nan wata mace mai ƙarfin murya, wadda na daɗe ban gane ni ce ba, ta ƙwala kira daga tsakar gida cewa fura tana jira. Mutari ya juyo, na ji muryarsa ta matso kusa.

"Ina zuwa, Inna!"

Na ce, "To," da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki. Sai da kalmar ta fita na tuna wanda na amsa wa ba ya duniya.

Kun sha tambayata me ya hana in sa a kwafe shi. Na gwada. Washegari na ɗauki ɗaya na kai wa wani mai gyaran rediyo a kasuwa, ina tsaye injinsa ya tauna zaren ya tofar da shi kamar hanjin kaza. Ya yi ta ba ni haƙuri. Na nuna masa na biyun ba tare da na sake shi ba, ya ɗaga hannuna ya duba shi a rana.

"Hajiya, zafi ya gama da wannan. Kin ga garin da ke zuba? Duk juyin da ya yi, ƙarewa yake. In kina son shi, mayar da shi inda kika ɗauko, kar ki ƙara kunnawa."

Na ji shi sarai. Na dawo gida, rana ta take, na rufe ƙofa na kunna.

Wanda injin ya cinye shi ne mai darasin jiya da gobe, shi ya sa har yau Ingilishina ba shi da jiya ba shi da gobe, komai yanzu ake yinsa. Wanda ya rage na kayan gida ne da gaisuwa. Ruwa, ƙofa, tabarma, abinci, zo, zauna, ci, sha, wannan uwata ce, wannan gidanmu ne, mene ne sunanki. Na riƙa jira mushe ya faɗi, Mutari ya maimaita, ni kuma in bi bayan Mutari. Harshe ne marar ta ido, namiji da mace, yaro da dattijo, duk "yu" ake ce musu, ba kai ba ke ba ku. Bakina ya sha wuya, akwai kalmomin da sai ka sa harshe tsakanin haƙora, ni kuwa haƙoran gaban sun riga sun yi ritaya. Amma abin yana shiga. Ina tuyar ƙuli-ƙuli ina kiran sunan wuta da mai a zuciyata. Abin da ban so ba shi ne yadda muryar take canjawa. Ta mushe tana nan garau, don shi ne kusa da rediyo. Ta Mutari kuwa ta fara kauri, tana ja, tana nauyi. Saurayin da na fara ji ya zama magidanci, magidancin ya soma zama dattijo. Ina zaune ina jin ɗana yana tsufa a cikin akwati, tsufan da Allah bai ba shi a duniya ba.

Na manta da abu ɗaya, wanda ko yaro ya sani a garin nan. Rana tsaka lokacin mutanen ɓoye ne, shi ya sa ake hana yara yawo a kan duwatsu in inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Ni kuma daidai wannan lokaci na zaɓa nake rufe ƙofa. Ɗakin Rabi bango ɗaya ne da nawa. Kullum tana kwance tana jin muryar namiji a ɗakin surukarta da wani yare, tana jin sallamar surukinta da aka binne a gabanta, tana jin mamaci yana cewa yana zuwa. Ban ga laifinta ba da ta tsorata, laifinta shi ne ta kai maganar bakin famfo kafin ta kawo mini. Na lura mata sun daina aiko yara sayen man gyaɗa wajena da rana. Wata safiya ina dawowa daga gaisuwar mutuwa, sai Magajiya, tsohuwar 'yar borin unguwarmu, ta tare ni a lungu. Ta ƙame, ta sara mini irin ta sojoji.

"Hajiya, barka da baƙo."

"Wane baƙo kuma?"

"Haba, ni za ki ɓoye wa? Babule ne, an ji shi yana yaren Nasara. Soja ne ko lokotoron asibiti? In soja ne, jan ƙyalle yake so da taba. Kar ki bar shi da yunwa, Hajiya, su ba su da haƙuri irin namu."

Babule su ne iskokin Turawa, waɗanda in sun hau mutum sai ya miƙe ƙyam ya yi ta zuba yaren da bai taɓa koya ba. Na so in yi dariya, amma yadda ta zuba mini ido, tana duban bayan kafaɗata kamar da wani tsaye, dariyar ta maƙale. Na ce mata ni ba ni da baƙo sai Allah, na wuce ina jin idonta a ƙeyata.

Maganar ta kai kunnen yayanku, ɗan farina da ba na faɗin sunansa, wanda kuke kira Babba. Bai ce mini komai ba, sai ganinsa na yi da Malam Habu limamin unguwa, abokin babanku, da tasbaha da ƙwaryar rubutu. Na ce su ajiye ƙwaryar. Na shimfiɗa tabarma a inuwar tsakar gida, na fito da rediyon, na ce kowa ya zo ya ga aljanin. Rana tana tsaka, gari tsit, ko kaza ba ta motsi. Na danna. Suka ji ruwa, suka ji ƙofa, suka ji daka. Da babanku ya yi gyaran murya ya yi sallama, Babba ya zabura ya miƙe tsaye ya amsa, hannunsa ya kai kan hularsa yana gyarawa. Malam Habu ma na ga leɓensa ya motsa. Rabi ta ja mayafi ta rufe fuska. Na kashe kafin a kai wurin fura, don wannan ba na kowa ba ne.

Malam ya daɗe yana jan tasbaha.

"Ba iska ba ne, alhamdu lillahi. Amma Hajiya, wanda ya tafi addu'arki yake bukata. Tashinsa kullum da rana tsaka ba zai bar zuciyarki ta kwanta ba."

Babba ya zauna, idonsa ja. Na gaya musu dalilina, na kuma gaya musu abin da mai gyara ya ce, don ban iya ɓoye-ɓoye ba in an riga an zauna. Nan fuskarsa ta canja.

"Inna, kina nufin ƙarewa yake? Muryar Baba ce fa. Muryar Mutari ce. Ba mu da hoton Baba ko ɗaya. Wannan ba naki ba ne ke kaɗai, Inna, 'ya'yana ma suna da hakki su ji kakansu. Don Allah ki ajiye. Ni zan ɗauko miki mushe har gida."

Gaskiya ya faɗi, shi ya sa ta yi mini zafi. Na yarda. Ya cire pil ɗin ya sa a aljihu, ya kawo wani saurayi mai koyar da Angile, wato Ingilishi, da littafinsa da allinsa. Yaron kirki ne, ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma in ya faɗi kalma sai ta tsaya a bakin kunnena ta ƙi shiga, har waɗanda na riga na iya suka fara watsewa. Kan tsohuwa ba ya karɓar magana daga bakin baƙo, nawa dai bai karɓa ba. Na koma ina rufe ƙofa da rana ina bitar na da, da ka, rediyo yana gefe ba pil. Ana haka wata rana Rabi ta faɗo ɗakina ba sallama.

"Inna, kin ce kin daina!"

"Na daina mana. Ga shi can, duba bayansa, wayam."

Ta ɗaga rediyon ta ga ramin pil ba komai. Ta ajiye shi a hankali, ta ja da baya har ƙofa.

"Wallahi Inna shi na ji. Ba ke ba ce. Na san muryar Mutari."

Na ce mata ni ce nake bita, ta daina shirme. Ta fita ba ta yarda ba. Da na zauna ni kaɗai na buɗe baki zan ci gaba, sai na ji ina tsoron abin da zai fito, na yi shiru har la'asar.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoman Gaffati da ke kawo mini gyaɗa suka ce sun gyara gonaki. Lokaci ya matso, ni kuwa rabin kaset ɗin kawai na riƙe da kyau. Na aika aka sayo mini pil, na kira Babba don kar ya ji a bakin wani.

"Zan kunna."

"Inna."

"In na mayar da shi adaka, me zai yi muku?"

"Mu san yana nan."

"Yarinyar ma tana nan, ita kuma da ranta. Mutari bai ɗauki maganar nan don a ajiye ba, don a koya ya ɗauka."

 Ya tashi ya fita, kuma daga ranar, ko da yake bai fasa durƙusawa ya gaishe ni kowace safiya ba, ya daɗe bai ɗago ido ya dube ni ba. Wannan ma yana cikin abin da na biya, kuma ya yi mini ciwo fiye da yadda ya sani.

Kwanakin ƙarshe ba na son tuna su. Sallamar babanku ce ta fara tafiya, ta zama wani gurnani, daga baya ba komai sai shuu. Dakan ya bi ta. Muryar Mutari ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya, sai na manna kunne da rediyon nake tsintar kalmomin. In na fito da kaset ɗin, wani jan gari yakan maƙale mini a yatsu, in rasa yadda zan yi da shi, ban iya wankewa a kwata ba, sai in shafe a gefen zanena. Ina kuka ina maimaitawa, ina mayarwa baya ina sake kunnawa, na san kowace mayarwa yanka ce. Ranar da aka yi ruwan shuka, ana tsakiyar darasin gaisuwa, na ji ƙas. Zaren ya tsinke, abin yana ta juyawa ba kowa a ciki.

Sun iso da hantsi, ƙasa da danshi. Esi doguwa ce baƙa, ta durƙusa a gabana tana hawaye, na dafa kanta. Mami tana bayanta ta cusa fuska cikin zanen uwar, 'yar siririya, goshin Mutari sak. Gida ya cika, kowa yana yi mata magana da Hausa lokaci ɗaya, ana dariya, ana miƙa hannu, ita kuwa sai ƙara ƙanƙame uwar take yi. Na ga abin da na ji tsoro yana faruwa a gabana. Duk abin da na koya ya gudu. Na zauna a tabarma, na ɗauki moɗar ruwa, na rufe ido kamar yadda nake yi a ɗaki, na bar bakin ya yi abin da ya saba.

"Kam, Mami. Sit dawun. Dirink wota."

Esi ta yi wata 'yar ƙara ta toshe bakinta da hannu biyu. Yarinyar ta saki zanen. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba, labulen ƙofar ɗakina. Kafin wani ya motsa ta kwasa da gudu ta wuce ni ta faɗa ciki. Muna jinta tana kiran "Dada, Dada," sunan da take kiran ubanta, tana leƙa bayan gado, tana jan adaka, tana ɗaga tufafin da ke rataye.  Na ga Babba ya juya ya fuskanci bango.

Ta daɗe kafin ta fito. Ta tsaya a gabana tana duban bakina, ba idona ba. Na yi zaton kuka za ta yi ta koma wajen uwarta. Sai ta juya mini baya, ta zauna a cinyata, ta jingina da ƙirjina, ta kamo hannuwana biyu ta naɗe a cikinta. Ta faɗi kalma ɗaya, wadda mushe yakan ce wa Mutari in yana so ya sake.

"Agen."

Na fara daga ruwa, na bi ta ƙofa da tabarma, wannan gidanmu ne, wannan uwata ce, har 'yan kalmomina suka ƙare, na koma farko. Duk hutun haka muka yi, kuma ko sau ɗaya ba ta yarda ta dubi fuskata ina magana ba. Na so a ce ni ta zo wa. Na karɓi abin da na samu.

Ta dawo baɗi, ta sake dawowa, kun dai gani da idonku. Yanzu ta yi Hausa har tana ce mini tsohuwa mai rowar nama, ina ramawa. Amma har zuwanta na bara, da ɗanta goye a baya, in gida ya yi shiru da rana takan sauke yaron, ta zauna a ƙasa ta jingina bayanta da gwiwata, ba ta ce komai, ba ta waiwayo. Ni kuma sai in rufe ido in fara.